Ɗan Unguwarmu a Ajin Jamusanci

Ranar da na sauka daga jirgin ƙasa a wani ƙaramin gari na gabashin Jamus, babu wanda ya zo tarbata. Ejan ɗin da ya shirya mini tafiyar ya rantse cewa zan tarar da mutumin kamfani a tasha, riƙe da kwali mai sunana. Na tsaya da jakata har waɗanda muka sauka tare suka watse. Na kira lambar ejan, a kashe. Har yau a kashe take.

Ni mai gyaran firiji ne. Shagona yana Tudun Wada a Zariya, kuma ba zan ce ya gaza ciyar da ni ba. Na baro matata Rabi, da 'yarmu Hauwa wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, da mahaifina, da ƙanena Auwalu. Abin da aka kwaɗaita mini shi ne wani kamfani zai koya mini aikin manyan ɗakunan sanyi, yana biyana, in na gama in samu takardar da ko'ina a duniya za a karɓa.

Wani Baturke mai gasa nama a bakin tashar ne ya lura na daɗe ina kai da komo a gaban shagonsa. Ya yafito ni, ya ba ni shayi da burodi, ya tambaye ni da hannu ko ni mai salla ne. Da na ɗaga kai, sai ya buga waya, wani dattijo ya zo ya tafi da ni masallacinsu. A ɗakin ajiye shimfiɗu na yi kwanakina na farko, ina rawar ɗari cikin rigar sanyin da na saya a gwanjo, wadda a Zariya na ɗauka ta isa.

Kamfanin kuwa gaskiya ne, kuma suna da sunana. Abin da ejan ya ɓoye mini shi ne ba za su ɗauke ni ba sai na ci jarrabawar Jamusanci. Shi cewa ya yi Turanci ya wadatar. Sakatariyar da ta yi mini bayani ta ga yadda jikina ya mutu, sai ta rubuta mini adireshin wata makarantar manya, ta kuma haɗa ni da wata mai gidan haya. Baturken nan ya ba ni wanke-wanke a bayan shagonsa. Da safe aji, da yamma kwanuka, haka na fara zaman Jamus.

Malamarmu sunanta Frau Lehmann, dattijuwa ce mai gajeren gashi fari fat, a keke take zuwa ko ana ruwa. Ajin ya tara Larabawan Siriya, da 'yan Afganistan, da wata mata daga Yukren, da wasu baƙaƙen fata da ke zama can baya, waɗanda ban taɓa yi musu magana ba don na ɗauka ba abin da ya haɗa mu. Makonnin farko ban fahimci komai ba. Kalma guda sai ta yi tsawon jimla, kuma kowane abu, har cokali da taga, an ce ko namiji ne, ko mace, ko kuma ba ko ɗaya ba.

Ranar da muka zo darasin mallaka ne na fara jin ƙasa a ƙarƙashin ƙafata. Malama ta rubuta a allo: mein Sohn, meine Tochter. Ta ce in abin namiji ne a ce mein, in mace ce a ce meine. 'Yan aji suka shiga ruɗu, masu jin Turanci suna tambayar me ya sa kalma ɗaya ba za ta isa ba. Ni kuwa sai na ga ai maganarmu ce: ɗana, 'yata. Na ɗaga hannu a karo na farko, na jera mata mein Vater, meine Mutter, ban yi kuskure ba. Ta cire tabarau ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

Daga nan ta ce kowa ya tashi ya faɗi sunansa da garinsu. Da aka zo kaina na ce, "Mein Name ist Nasiru. Meine Stadt ist Zaria."

Ban kai ga zama ba na ji murya daga baya, da Hausa tsantsa: "Kai Malam, wace unguwa a Zariya?"

Na juya. Wani dogon mutum ne mai tabo a haɓa, ya miƙe tsaye, bakinsa a buɗe.

Na ce, "Tudun Wada."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Wallahi ƙarya kake! A Tudun Wada aka yanke mini cibi!"

Malama ta buga tebur tana cewa Jamusanci kawai, amma ba wanda ya ji ta a cikinmu.

Sunansa Chidi, ɗan ƙabilar Ibo. Mahaifinsa yana da kemis a layin masu faci, kuma da ya kwatanta mini shagon sai na tuna an sha aikena can sayen maganin zazzaɓi ina yaro. Bayan rasuwar mahaifin, aka yi wani tashin hankali a gari, mahaifiyarsa ta kwashe su suka koma kudu. Ya ce can ɗin bai taɓa jin daɗinsa ba, yarensu ma a karkace yake fita a bakinsa, dangin ubansa suna kiransa Bahaushe. Da mahaifiyar ta rasu sai ya kama hanya, ta Agadas, ta Libiya, ta ruwa. Ya daɗe a Jamus da wata takardar wucin gadi da ake sabunta masa lokaci-lokaci. Jamusancinsa na titi ne, mai sauri, ba ƙa'ida. Komai mein ne a wurinsa, mace da namiji.

A ranar na ja shi ɗakina. Ina da sauran kuka da daddawa da Rabi ta ƙulle mini a leda. Muka tuƙa tuwo da garin semo, na kaɗa miya. Da ƙamshin daddawa ya cika ɗakin sai Chidi ya juya baya, ya tsaya a taga yana kallon waje. Na ci gaba da kaɗa miyata. Da muka zauna ci ya ce, "Rabona da wannan tun Mama na da rai. Ita ma a wurin maƙwabta ta koya."

Daga nan muka zama kullum tare. Shi ya nuna mini kantin da kaya ke da araha, ya koya mini karanta allon bas, ya ba ni wata rigar sanyi mai nauyi da ya ce ta yi masa kaɗan, alhali na san ba ta yi ba. Ni kuma nake koya masa nahawu, da Hausa. Malama ta yi ta fama da shi a kan sein da ihr bai gane ba. Na ce masa, "Chidi, in uban namiji ne me za ka ce?"

"Ubansa."

"In na mace ne fa?"

"Ubanta."

"To shi ke nan. Sein Vater, ubansa. Ihr Vater, ubanta. Uwarsa, seine Mutter. Uwarta, ihre Mutter. Ka dubi mai abin, sannan ka dubi abin."

Ya fashe da dariya. "Au! Dama matar nan Hausa take koya mana duk wannan lokacin?"

Sai dai Hausar ba ko'ina take kai mu ba. Kujera mace ce a wurinmu, su kuwa namiji. Hannu namiji ne, su sun mai da shi mace. Na yi ta cewa mein Hand, Malama na gyara mini meine Hand, har ta gaji ta riƙa ɗaga tafin hannunta kawai in na buɗe baki. Yarinya kuma, wai ba mace ba ce ba namiji ba. Chidi ya ce mutanen da suka kasa gane jinsin yarinya bai kamata a bar su su ƙera mota ba.

Wadda ta fi wahalar da ni ita ce ihr. Kalma ɗaya ce, amma tana nufin nata, tana nufin nasu, in kuma ana girmama ka tana nufin naka. A rubuce ana gane ta ƙarshen da babban baƙi, amma a baki ba bambanci. Wata safiya maƙwabcina, wani tsoho da bai taɓa amsa gaisuwata ba, ya tare ni a wurin zuba shara yana nuna wata leda da aka cusa kwalabe a inda ba nasu ba. Ya ce, "Ist das Ihr Müll?" Na san ledar ta matar da ke samanmu ce, na kuma ɗauka tambayata yake ko sharar tata ce, ashe tambayata yake ko tawa ce. Na ce masa e, har da murmushi. Ya tsayar da ni cikin sanyi ya yi mini wankin babban bargo, na tsince kwalaben nan ɗaya bayan ɗaya yana tsaye a kaina. Da na ba Chidi labari sai da ya kwanta a ƙasa don dariya. Mako guda yana gaishe ni da "Sannu mai shara."

Ƙarshen darasin, Malama ta ce kowa ya kawo hoton iyalinsa ya gabatar da su. Na nuna Rabi da Hauwa da Baba a waya, na faɗi nawa lafiya lau. Chidi ba shi da hoto ko ɗaya, duk sun tafi da wayarsa ta farko a teku. Ya fita gaban aji hannu biyu a aljihu, ya ɗan tsaya, sannan ya nuna ni ya ce, "Das ist mein Bruder." Wato wannan ɗan'uwana ne.

Malama ta tambaye shi ko uwarmu ɗaya. Ya ce a'a. Uba fa? Ya ce a'a, amma unsere Straße, layinmu ɗaya. Ta yi murmushi ta ce jimlar daidai take, kalmar ce ba daidai ba. A Jamusanci, in ji ta, wannan maƙwabci ne, ko aboki. Ba da mugunta ta faɗa ba, aikinta take yi. Chidi ya ce to, ya koma ya zauna. A hanyar gida ya ce mini, "Su dai komai sai an nuna takarda."

Sanyi ya wuce, ganye ya fito. Na faɗi jarrabawar farko, shi ya ci, abin da ya ba mu mamaki duka. Ya ce yanzu da wannan sakamakon zai nemi a ba shi izinin koyon sana'a, ya huta da dakon kaya a ɓoye. Har ya fara lissafin cewa in mun samu abin hannu za mu koma mu buɗe wurin ajiyar kifi a Kwangila, ni da gyara, shi da ciniki. Kullum in zai yi maganar komawa, Zariya yake cewa. Ban taɓa jin ya ambaci kudu ba.

Ranar sabunta takardarsa na raka shi ofishin baƙi, kamar yadda na saba. Hantsi ne, rana ta fito, ya sa farar riga, ya riƙe sakamakon jarrabawarsa a cikin leda. Da lambarsa ta fito a allo ya miƙo mini gorar shayinsa ya ce, "Riƙe mini, kada ka shanye." Ya shiga.

Waɗanda suka shiga bayansa suka yi ta fitowa. Azahar ta yi. Na je wurin matar da ke teburin karɓar baƙi na faɗi sunansa. Ta duba kwamfuta, ta kira wani jami'i. Ya ce an tsare shi, za a mai da shi ƙasarsa, kuma ba a ba kowa bayani sai iyali. Ya tambaye ni ko ni iyalinsa ne.

Na ce, "Er ist mein Bruder."

Ya karɓi fasfona ya duba, ya dubi takardar da ke hannunsa. Sunaye ba su yi kama ba ko kusa. Ya girgiza kai ya miƙo mini abina. Na ce unsere Straße, na ce unsere Stadt, na tattaro duk abin da na koya na zuba masa. Jamusancina ya ƙare, na koma Turanci, na koma Hausa. Bai ɗaga mini murya ba. Ya jira na gama, ya ce in yi haƙuri, doka ce, ya nuna mini ƙofa.

Frau Lehmann ta yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Da na gaya mata sai ta zauna a kan kujerar ɗalibi. Ta buga waya wurare da dama, ta samo wani lauya. Kafin lauyan ya gama haɗa takardu, jirgi ya riga ya sauke Chidi a Legas. Lambarsa ta Jamus ta mutu. Na neme shi a intanet, masu irin sunansa sun fi a ƙirga, kuma ba shi a cikinsu. Na gaya wa Rabi komai, na ce in Allah ya sa ya ɓullo Zariya a karɓe shi kamar ni ne.

Sauran zamana ba shi da wani labari mai daɗi. Na ci jarrabawa a karo na biyu, kamfani ya ɗauke ni. Aikin hannu ban sha wahalarsa ba, don abin da nake yi ne tun ina saurayi. Karatun ne ya fi ƙarfina, littattafai masu kauri da kalmomin da ko ƙamus ba ya warware mini su. Na koma ba ni da wanda zan yi wa Hausa sai waya. Hauwa ta fara magana, ta shiga makaranta, duk a cikin waya nake gani. In an miƙa mata ni sai ta gaishe ni da ladabin da ake yi wa baƙo, ta gudu wurin wasa.

Baba ya kwanta ciwo. Auwalu yana ce mini da sauƙi, ni kuma ina cewa in na gama jarrabawar ƙarshe zan zo. Ina kan tsani a cikin wani ɗakin ajiyar nama wayata ta yi ƙara. Kafin in sauko in cire safar hannu in sake kira, har an fara haramar yi wa gawar Baba wanka. A ɗakin canza kaya na zauna na yi masa addu'a, abokan aiki na shiga suna fita. Jarrabawar da na zauna dominta kuwa na faɗi, na sake, na kuma faɗi. Izinin zamana a kanta ya rataya. Ban jira an tsare ni ba, na haɗa jakata na dawo.

Na tarar wani ya kama shagona yana sayar da kayan waya. Na samu wani ƙarami a lungu, na koma gyaran firiji kamar ban taɓa zuwa ko'ina ba. 'Yan unguwa suka sa mini suna Bajamushe. Wasu da wasa suke faɗa, wasu da wata manufa.

Bayan wasu watanni aka kira ni gyaran firiza a wani shagon kifi a Kwangila. Mai shagon wata dattijuwa ce 'yar Ibo, ana ce mata Mama Ngozi, ta tsufa a Zariya. Ina kwance injin muna hira, na tambaye ta ko ta san mai kemis ɗin layin masu faci na da, a Tudun Wada.

Ta ce, "Baban Chidi? Ai cocinmu ɗaya. Yaron ma ya zo nan."

Sukudireba ta kuɓuce mini. Na ce, "Yaushe, Mama?"

"An kwana biyu. Lokacin da aka koro shi daga Turai. Ya rame, ba waya, ba komai, sai riga ɗaya. A sito na nan ya riƙa kwana. Kullum da safe sai ya tafi Tudun Wada ya yi ta zagaye. Gidan da aka haife shi an rushe an yi shaguna, waɗanda suka san ubansa duk sun mutu ko sun tashi. Ya ce yana da wani a can Jamus, ɗan unguwar, zai nemi gidansu ya karɓi lambarsa." Ta dube ni da kyau. "Kai ne?"

Na ce ni ne.

"To ya je. Ya dawo, ko abinci bai ci ba. Bayan kwana kaɗan ya ce zai tafi. Na ce kudu? Ya ce wa yake da shi a kudu. Motar Kano ya hau, ya ce daga can sai Agadas. Na roƙe shi, na ce ya zauna ya taya ni ciniki. Ya ce Mama, na zaci nan ne gida." Ta share ido da bakin zani. "Tun daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba."

Ban san yadda na ƙarasa gyaran nan ba. Na hau acaɓa na wuce gida kai tsaye. Rabi ta ce ita ba ta ga kowa ba. Da muka lissafa, sai muka gane ya zo ne lokacin da ta koma Tudun Jukun jinyar mahaifiyarta, Baba kuma yana kwance a ciki, don tun a lokacin ciwo ya fara taɓa shi. Auwalu ne kaɗai ke tsare da gida.

Na same shi a zaure yana wanke babur. Na tambaye shi ko wani ya taɓa zuwa nemana, dogo, mai tabo a haɓa.

Ya ɗan yi tunani. "Af, Yaya, an yi haka. Wani ɗan Ibo. Ya ce wai tare kuke a Jamus, a ba shi lambarka, wai kuma yana son ya gaida Baba."

"Sai ka ce masa me?"

"Na ce ba mu san da zancen ba. Yaya, ka tuna fa abin da ejan ɗin nan ya yi mana. Bayan tafiyarka ma mutum biyu sun zo da sunanka suna neman a ba su saƙo. Shi kuma ga shi a yamutse, ga Hausa a bakinsa kamar ɗan cikin birni, har sunan Hauwa ya sani. Shi ya sa ma na ƙi yarda da shi. Na ce ya kama gabansa kafin in tara masa jama'a."

"Bai ce komai ba?"

"Ya dai tsaya can bakin ƙofa, ya daɗe. Sai ya ce Allah ya ba Baba lafiya, ya juya."

Auwalu ya matse tsumman da ke hannunsa, yana kallona, ya fara gane akwai wani abu. Ba zan iya ganin laifinsa ba, gidan ubansa ya tsare. Na dubi bakin ƙofar, inda rana ke dukan dakali tun safe har la'asar, ba inuwa ko ta ɗan yatsa.

Na ce, "Auwalu, ko ruwa ka ba shi?"

Ya sunkuyar da kai.